Bakan Alhaji Sidi da bai taɓa harbi ba

To, jama'a, an ci tuwon sadaka, an shafa fatiha, kuma tun ɗazu kuke zungurina wai in yi maganar Alhaji Sidi, tunda ni ne taubashinsa. Zan yi. Amma wanda ya san dariya na kayar da shi ya matsa bakin zaure, kada mata su jiyo mu daga ciki su ce ba mu ji mutuwar ba.

Ku duka kun san kan nan nasa. Mutum ne da ba a taɓa gane i ɗinsa da a'arsa ba. Ka ce, "Alhaji, ka ci abinci?" sai ya karkaɗa kai, kunne ya nufi wannan kafaɗa, ya dawo ya nufi waccan, kamar ƙoƙo a bakin randa. Wai haka mutanen ƙasar Hindu suke cewa i. Shekara talatin da dawowarsa Sakkwato, shi ya dawo, kan bai dawo ba. Ranar da muka je nema masa auren Hajo, lokacin tana zawarci, baffanta ya dube shi ya ce, "Alhaji, kana son ta?" Sai kai ya kama lilo. Tsoho ya tattara riga zai tashi, ya ce, "To mi yak kawo ku?" Ni na riƙe ƙafarsa ina rantsuwa cewa wannan girgizar ta so ce. Shi kuwa gogan ko a jikinsa. Ya ce, "Ni na ce i. In ba ku gani ba, laifin idonku na."

Don samarin da ba su san farkon zancen ba, ni Umaru majemi, ubana da uwar Sidi ciki ɗaya suka fito, kuma gida ɗaya muka tashi a nan Ƙofar Atiku. Yana saurayi ya bi ayarin mahajjata ya yi gabas a ƙafa. Bayan shekara shida abokan tafiyarsa suka dawo, suka ce sun yi aikin hajji tare, amma a Jidda ya ɓace musu. Muka jira, muka gaji, muka yi masa sadaka. Wallahi tuwon da kuka ci yau shi ne na biyu da na ci na mutuwar Sidi, kuma na farkon ya fi miya.

Sai da ya cika shekara goma sha tara da tafiya, ina tsugune a majema ina kankare fatar akuya, na ji mutum a kaina ya ce, "Umaru, har yanzu warin ga ka ke yi?" Na ɗaga kai. Wani ramamme ne, gemu ya fara furfura, ba jaka, ba jaki, ba ko tsarabar dabino, sai wani dogon baka rataye a kafaɗa da ƙoƙo ɗaure a cikinsa. Na zubar da wuƙa na ruga. Sai da na kai bakin hanya na tuna cewa fatalwa ba ta zagin sana'ar mutum, na dawo na rungume shi.

Yadda ya ba mu labari, kuma ya ba mu shi ya fi sau ɗari, guzuri ne ya ƙare masa a Jidda. Ya ga wani jirgin ruwa na fatake ana neman masu jan igiya, ya ɗauka ƙetarewa za su yi zuwa Sawakin, ya kama hanyar gida. Ya tambayi mai jirgi da hannu da ɗan Larabcinsa, "Nesa za ku?" Mutumin ya karkaɗa kai. Sidi ya ce alhamdulillahi, ba nisa, ya shiga. Kwana arba'in suna kan teku.

"Nan nik koyi karatun kai," in ji shi.

Ya sauka ƙasar Hindu da zazzaɓi, masu jirgi suka shimfiɗe shi a bakin gaɓa suka yi gaba. Da ya farfaɗo sai ya ga fuskoki baƙaƙe sun kewaye shi, gashi irin namu, hanci irin namu. Ya ce ya ɗauka an dawo da shi kasuwar Sakkwato. Wani dattijo a cikinsu ya tambaye shi da Larabci, "Sunanka?"

"Sidi."

"Mun gani. Sunanka?"

"Sidi!"

"Ai mun sani, ɗan'uwa. Sunanka mu ke tambaya."

Sai ya ce a ransa, wayyo, na faɗo hannun kurame. Ashe duk ƙabilar sunanta ke nan, Sidi. Namiji Sidi, mace Sidi, jariri Sidi. Kakanninsu daga wannan ɓangare na teku aka kwashe su tun zamanin da, waɗansu bayi, waɗansu mayaƙa, waɗansu ma'aikatan jirgi, suka zauna can suka hayayyafa. Musulmi ne, suna da waliyyinsu, baƙin mutum kamarsu, kabarinsa na kan wani tudu. Kowace shekara sukan taru a can su yi zikiri da ganguna da rawa, abin da suke kira goma.

Ni kuwa duk sanda ya kawo nan sai in ce, "Goma mi?"

"Goma kawai."

"Ba tara, ba sha ɗaya?"

"Umaru, wanda yat tashi cikin jima ba a yi mai zancen ƙamshi."

A wurinsu ya samo bakan nan. Sunansa malunga, amma mu bakan Alhaji muke cewa. Gora ce doguwa da tsirkiya, an ɗaure mata ƙoƙo a tsakiya. Sai ya tuɓe riga, ya kifa bakin ƙoƙon a ƙirjinsa, ya riƙe ɗan kara da ɗan caki a hannu ɗaya yana bugun tsirkiyar, yana ɗaga ƙoƙon yana mayarwa. Sai ka ji abu na cewa wum, wam, wum, kamar ana magana a cikin rijiya. A kan wannan yake jan la'ilaha illallahu, kullum da hantsi, ko ana ruwa ko ana rana.

To, manyanku za su tuna shekarar da aka yi kururuwa cewa Kabawa sun taso, ga ƙurarsu can yamma. Mai shela ya bi unguwa yana cewa duk namiji mai makami ya fito bakin ƙofa. Aka rufe ƙofa, muka hau ganuwa, mai mashi da mashinsa, mai takobi da takobinsa. Ni wuƙar jima na ɗauko, ita ke gare ni. Can sai ga Alhaji Sidi yana tafe a natse, baka a kafaɗa. Sarkin bakan unguwarmu, Allah ya jiƙansa, mutum mai zafin rai, ya gan shi ya ji daɗi, ya ce, "Madalla da Alhaji! Hau nan kusa da ni. Ina kwarinka?"

"Ba ni da kwari."

"Kibau fa?"

"Wanga baka ba shi cin kibiya."

Sarkin baka ya dubi ƙoƙon, ya dubi cakin, ya ce, "To uban mi kaz zo yi?"

"An ce mai baka shi fito. Ba a ce mai kibiya ba."

Da ba don ana cikin tashin hankali ba, da ranar an jefo shi daga ganuwa. Muka zauna muna kallon ƙura tana matsowa. Rana ta take, ba ruwa, ba mai magana. Kada wani ya yi muku ƙarya, tsoro muke ji. Akwai samari a wurin da ba su taɓa ganin yaƙi ba, na ga mashin ɗaya yana rawa a hannunsa kamar karan gero cikin iska. Sai kawai na ji wum, wam, wum daga bayana. Sidi ya tuɓe riga ya zauna a kan ganuwa ya fara. Sarkin baka ya buɗe baki zai yi tsawa, sai ya ji wani yaro ya amsa, illallah. Wani ma ya amsa. Kafin a jima duk ganuwar ta ɗauka, a hankali, ba ihu, kuma mashin nan ya daina rawa. Da Sidi ya tsaya don ya share gumi, sarkin baka bai ko waiwayo ba ya ce, "Wa yac ce ka bari?"

Wajen azahar ƙura ta iso. Ayarin Buzaye ne da raƙuman gishiri.

Kun san abin da Alhaji Sidi ya riƙa faɗa har ya mutu? Wai Kabawa ne. "Da sunka ji malunga sai sunka rikiɗe raƙuma." In ka ce masa, Alhaji, ai har gishirin mun saya mun ci, sai ya ce, "To, ganima ta."

Rawar goma kuwa sau ɗaya ya yi mana ita cikakkiya, kuma a ƙofar gidana ya yi, ranar sunan ɗana Bello. Ga shi can yana sunkuyar da kai. An raɗa suna, an yanka rago, wanzamai na aski, dattawa na zaune a kan tabarmi, sai Sidi ya ɓace. Can sai ga wani abu ya fito daga lungu. Ba riga, fuska ta sha farar ƙasa, ƙugu da kai duk gashin tsuntsu. A can Hindu, in ji shi, da gashin ɗawisu ake yi. Nan ba ɗawisu, kuma Sidi ba mai sayen abin da zai samu a gida ba ne, sai ya bi zabin Hajo ya fige su da ransu. Wata guda zabin nan suna yawo tsirara a unguwa.

Ya shigo fili yana tafiyar zakara, ya koma ta biri, ya zare ido, ya karkace baki, ya yi tsalle ya juya a sama. Jama'a, mutum mai furfura, alhaji! Amma wallahi ƙafar ta iya. Yara suka kama tafi, har dattawan da suka fara da a'uzubillahi suka miƙa wuya. Da abin ya yi zafi sai ya tsaya ya ce, a can in rawa ta kai ƙarshe, gwani yakan jefa kwakwa sama ya tare ta da ka, ta fashe, ruwanta ya wanke shi.

Na ce, "Alhaji, nan ba kwakwa."

Ya ce, "Na yi shiri."

Ya sa hannu a bayan tabarma ya ciro ɗan giginya, ƙato, nunanne.

Na ce, "Sidi, don girman Allah. Wanga ba shi fashewa. Da gatari a ka buɗe shi."

"Kai ka san kwakwa?"

"Ban san ta ba, amma na san giginya."

Ya ce bismillahi, ya wurga shi sama, ya saita kai. Ƙarar da muka ji, har mata a cikin gida suka tambaya wa ya fasa turmi. Ɗan giginya ya gangara lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Alhaji Sidi ya yi taku biyu na zakara, ya zube. Muka yi ta yayyafa masa ruwa. Wanzamin da ya zo aske jariri shi ya koma yi wa babba ƙaho. Da ya buɗe ido, ga ƙulu a goshi kamar ƙwan agwagwa, ya dube ni ya ce, "Ya fashe?"

Na ce, "Kai ko shi?"

Ya ce, "Giginyar garin ga ba ta da ladabi."

Wannan rawar ce ta jawo mana shari'a. Maƙwabcinsa Malam Jaɓɓi, ga shi nan zaune, in na yi ƙarya ya tsayar da ni, ya kai ƙara wurin alƙali. Kuma ban ga laifinsa ba. Kun san garin nan. Ganga ta yaƙi ce da shela, kuma mun ga masu bori da aka ƙone musu kaya aka fitar da su bayan ganuwa. Malam ya ce mutumin da ke shafa farar ƙasa ya yi tafiyar biri, yana kiran sunaye da harshen da ba wanda ya sani, in ba bori yake ba to mene ne? Magana ta yi nauyi. Aka ce in ta tabbata, za a ƙone bakan, a yi masa bulala, wataƙila ma a kore shi. Hajo ta zo gidana tana kuka, ta ce mutumin da ya yi shekara goma sha tara yana neman hanyar gida, yanzu a fitar da shi da tsufansa?

Na same shi na ce, "Kawo bakan in ɓoye shi ƙarƙashin fatu. Ka ce ya ɓace, ka ba da haƙuri, magana ta mutu."

Ya ce, "In sa malunga cikin jima? Shi yi wari irin naka?"

"Sidi, ba wasa ni kai ba. Bulala ta."

"Mutanen da sunka ba ni shi sun ɗauke ni daga bakin teku ina mutuwa. Ba ni cewa abinsu ya ɓace alhali shina nan."

Ranar shari'a muka tafi tare, shi da bakansa a kafaɗa. Alƙali dattijo ne mai kwarjini, yana zaune a kan buzu, littattafai jibge a gefensa. Ya ce, "Kai ne Sidi?" Kai ya kama lilo. "Ba kai ba ne?" Kai ya ƙara lilo. Dogari ya matso. Na faɗi na ce, "Allah shi gafarta malam, ni ne tafintan kanai. Wagga girgiza i ta."

Alƙali ya dube ni ya daɗe, sannan ya nuna bakan. "Wanga ganga ta?"

Sidi ya ce, "Ina fatar?"

"Goge na?"

"Ina izgar?"

"To mi na?"

"Baka na, Allah shi gafarta malam."

"Ana harbi da shi?"

"Ba a hana shi ba. Shi dai bai so."

Wani a bayan zaure ya tuntsire, dogari ya harare shi. Alƙali bai yi ko murmushi ba. Ya ce shi ba siffar abu ta dame shi ba, abin da ake kira da shi yake son ji. A buga. Sidi ya kama wuyan riga zai tuɓe, dogari ya yi kansa, sai da na yi bayanin cewa ƙoƙon ba ya magana sai a kan fata. Aka bar shi. Ya zauna a gaban alƙali da haƙarƙarinsa a waje, ya rufe ido, ya fara. Kalmar shahada, sai salatin Annabi, sai kuma ya shiga wani baiti da harshen can, muryarsa ta yi ƙasa.

Alƙali ya ɗaga hannu. "Nan nika son ji. Wa ka ke kira?"

Sidi ya ce, "Ba kowa sai Shi. Cewa su kai, ya Ubangiji, mu baƙi na a ƙasar ga, kada Ka mance inda Ka aje mu."

Alƙali ya ce a maimaita baitin. Aka maimaita. Ni da nake durƙushe kusa, na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi a ƙarƙashin riga, yana bin bugun. Ban taɓa faɗa ba sai yau da duk su biyun suka riga mu.

Ya yanke hukunci. Bai ji sunan aljani ba, don haka ba bori ba ne, ba za a ƙone baka ba. Amma ba gashin zabi, ba farar ƙasa, ba giginya, kuma ba a titi ko taron jama'a ba. In zai buga, ya buga a cikin gidansa. "Ka yarda?" Kafin kai ya gama lilon farko na yi ihu, "Ya yarda!"

Damina na zuwa, katangar gidansa ta bakin hanya ta zube. Kowa ya ɗauka da kaka zai tayar da ita. Sai ya ja wa Hajo zana daga can ciki, ya share filin da ke tsakanin zanar da tushen katanga, ya shimfiɗa buzunsa. Kullum da hantsi yana nan zaune yana bugu, duk mai wucewa na gani, masu tallar fura har tsayawa suke. Malam Jaɓɓi ya zo ya ce, "Alhaji, cikin gida alƙali yac ce."

"To ina nike? Ga tushen katanga nan gabanka, taka ka ji."

Malam ya ce shi zai kawo tubali da magina, kyauta, don Allah.

Sidi ya ce, "Subhanallahi! In wahal da maƙwabcina? Ba a yi haka da ni ba."

Shekara ashirin da wani abu katangar nan ba ta tashi ba. Kuma ban san ranar da aka fara ba, sai dai muka lura Malam Jaɓɓi ya dawo da buzun karatunsa gefen gabas, wanda ke kallon gidan Sidi. Wai inuwar ta fi sanyi. Da hantsi, Malam, inuwa a gabas? To, na yi shiru.

Saura abu ɗaya, wanda ya sa da yawanku kuka ɗauka giginyar nan ta taɓa shi. Ranar kasuwa ba ya zama. Duk inda ya ga baƙon fuska, Bagwanje ne mai goro, Banufe ne, Babarbare ne, ko bawan da aka kawo daga wata ƙasa mai nisa, sai ya tare shi ya dube shi cikin ido ya ce, "Maji. Numbani." In mutum ya yi sororo, sai ya wuce wurin na gaba. Wani Bakano ya taɓa ce masa, "Ma ji me, Baba? Ai ba ka faɗi komai ba." Yara suka mayar da abin waƙa. Ni kaina na sha tsokanarsa, ina ce masa ya je ya gwada wa raƙuman Kabawa.

Wata rana na matsa masa, sai ya gaya mini. Wadda ta yi jinyarsa a can wata tsohuwa ce, Bibi Hawa. Wata uku tana ɗura masa ruwan shinkafa da cokali, tana kiransa ɗanta. Kakarta aka kamo tana yarinya, kuma abin da ya rage mata na harshen kakar kalma biyu ne. Maji ta san ruwa ne. Numbani kuwa ba ta san ma'anarta ba, ta dai san kakar na yawan faɗinta tana kallon teku. Ranar da Sidi zai taso, Bibi Hawa ta riƙe hannunsa ta ce, tunda ƙasar baƙaƙe za ka, ka tambaya mini ko akwai masu wannan magana, ka gaya musu muna nan. Ya ce mata to. Ita ta ɗauka ƙasar baƙaƙe gari ɗaya ce.

Na ce, "Sidi, ko ka samu, wa za ka aika? Matar ga ta daɗe da rasuwa."

Ya ce, "Na sani. Amma to nic ce mata."

Bara, bayan sallar layya, wani alhaji Babarbare ya sauka a unguwarmu kan hanyarsa ta zuwa Gwandu. Muna zaune a rumfar mai goro, Sidi ya dogara sanda ya je gabansa ya faɗi kalmominsa, yadda ya saba, har ya juya zai tafi. Sai baƙon ya ce, "Tsaya. Ina ka samo wannan?" Ya ce a Makka ya yi shekara biyu gida ɗaya da waɗansu mutanen bakin teku, can kudu da Habasha, kuma harshensu ke nan. Maji, ruwa.

Sidi ya ce, "Ɗayar fa?"

"Numbani? Gida ke nan. In mutum ya ce zai koma gida."

Sidi ya tsaya. Sannan ya zauna a ƙasa, a tsakiyar kasuwa, da farar rigarsa. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da ya dawo aka nuna masa kabarin uwarsa, sai ran nan. Ya ce, "Umaru, ashe gida ta ka kira." Can kuma ya ce jirgin da ya dawo da shi ya tsaya shan ruwa a wata gaɓa ta baƙaƙen mutane, kwana biyu, shi ko sauka bai yi ba don yana ɗokin Sakkwato. Wa ya sani ko nan ne.

Na kama shi muka taho. A hanya, don in sa shi dariya, na ce to yanzu kasuwa ta huta. Ya ce, "Kasuwa ta huta, kai ba ka huta ba. Riƙe ni da kyau, majemin banza."

Bai ƙara tare kowa ba. Da ciwon nan ya kwantar da shi, ranar Laraba da la'asar na shiga duba shi, ya sa na zauna ya karanta mini sunaye bakwai na mutanen can, Bibi Hawa a farko, ya sa na maimaita har na riƙe. Ya ce kullum bayan salla yana sa su a addu'a, kuma in ya tafi ba wanda ya san su a duk ƙasar nan sai ni. Na ce na ɗauka. Da asalin bakina na ce i, don kada a samu ruɗani.

To, ku ɗaga hannu. Allah Ka jiƙan Sidi ɗan Inna, Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa. Ka ba Hajo haƙuri. Ka jiƙan Bibi Hawa da mutanenta da suka tsinci baƙo a bakin teku suka ce ɗansu ne, da kakarta da ta mutu tana kallon ruwa. Ka tara su wuri ɗaya, Ka kai su gida. Amin.